Maraƙin Milo: Yadda Ake Tsara Atisayen Ƙarfi

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN YA SAUKA A HANKALI)

MAI GABATARWA: 

In ka fito bayan sallar asuba a unguwannin Kano ko Zariya ko Maraɗi, da wuya ka rasa wani kango da samari suka mayar wurin ɗaga ƙarfe. Sandar ƙarfe ce aka cusa bakinta biyu cikin gwangwanin fenti, aka zuba siminti ya daskare. Wannan ya kwanta kan benci yana ɗagawa, wancan na tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara ɗaya! Saura ɗaya!" Gumi na zuba, himma kuwa ba a magana. To, amma ka sake biyowa bayan wata shida. Wani ya daina zuwa, kafaɗa ta hana shi. Wani na fama da ƙugu. Waɗanda suka jure kuwa, nauyin da suka fara da shi, shi suke ɗagawa har yau.

Waɗannan samari ba ragwaye ba ne. Tsari suka rasa, kuma a kan tsarin nan za mu zanta yau, ko kai ɗan wasa ne mai jiran ranar fita fage, ko kuwa lafiyar jikinka kawai kake nema.

(KIƊA)

Kimanin shekara 2,500 da suka wuce, a wani garin Girkawa mai suna Kuroton, a kudancin Italiya ta yau, an yi wani ɗan kokawa da ake kira Milo. Sau 6 yana lashe kokawa a wasannin Olamfik na wancan zamani. Labarin da mutanensa suka bari shi ne, wai maraƙi ya samu tun yana jinjiri, kullum sai ya saɓa shi a kafaɗa ya yi tafiya da shi. Maraƙi na girma, Milo na ɗauka, har aka wayi gari bijimi ne a wuyansa. Ko haka abin ya faru, ko an ƙara masa gishiri, duk wanda ya taɓa kiwo ya gane hikimar. Maraƙin yau bai fi na jiya da wani abin kirki ba, shi ya sa jiki ke iya bin sa. Da bijimi Milo ya tunkara a ranar farko, da ba mu ji sunansa ba.

Wanda ya mayar da wannan hikima lissafi likita ne, a asibitin sojoji. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Dakta Thomas DeLorme yana aiki a birnin Cikago na Amurka, ga sojoji jibge masu raunin gwiwa da ƙafa, suna wata da watanni ba su murmure ba. Shi kansa ɗan ɗaga ƙarfe ne, don haka sai ya sa su ɗaga nauyi na gaske, yana ƙara musu kaɗan-kaɗan. Suka miƙe da wuri fiye da yadda aka saba gani. Ya wallafa abin da ya gano a 1945, sannan a 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin: zubi 3, kowane zubi ɗagawa 10. Zubin farko da rabin nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 10, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakken nauyin. Wannan "sau goma, zubi uku" da ake ji a gidajen motsa jiki, daga gadon majinyata ya fito.

(KIƊA)

To, ta ina ake farawa? Mai horarwa na ƙwarai da tambaya yake farawa, kafin a taɓa ƙarfe: me kake nema?

In tsantsar ƙarfi kake so, nauyi mai yawa za ka ɗauka, wanda ba za ka iya wuce ɗagawa 5 da shi ba, kana hutawa minti 3 zuwa 5 tsakanin zubi da zubi. In cikar tsoka kake nema, matsakaicin nauyi ya fi dacewa, ɗagawa 6 zuwa 12, da hutun minti 1 zuwa 2. In kuwa juriya ce, ka rage nauyi ka kai ɗagawa 15 ko fiye. Sabon shiga, nauyin da zai ɗaga sau 8 zuwa 12 ba tare da jikinsa ya karkace ba ya wadatar. Ya ajiye ƙarfen yana jin da saura ɗaya ko biyu a jikinsa.

Sai zaɓen motsi. Nan ne samarinmu da yawa ke yin kuskure, domin ƙirji da damtse suke yi kullum, su ne ke fitowa a riga. Amma tambayi kowane tsohon ɗan kokawa, zai gaya maka a cinya da ƙugu ƙarfin namiji yake. Ayyukan jiki manya guda biyar ne, kuma duk mun san su. Ka tsuguna ka miƙe. Ka sunkuya ka ɗauki kaya daga ƙasa, gadon baya a miƙe, kamar mai ɗaukar buhu da ya san aikinsa. Ka tura, kamar mai kurar ruwa. Ka jawo, kamar mai jan guga a rijiya. Sannan ka ɗauki kaya ka yi tafiya da shi. Tsarin da ya haɗa waɗannan biyar ya taɓa manyan tsokokin jiki gaba ɗaya. A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, a yi manyan motsi tun da sauran ƙarfi, ƙananan su biyo baya.

Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, misali Litinin da Laraba da Asabar, a bar wa tsokar da aka wahalar aƙalla awa 48 kafin a koma mata.

Yanzu ga zuciyar maganar. Aibin gwangwanin siminti ɗaya ne: ba ya girma kamar maraƙi. Jiki kuwa da zarar ya saba da nauyi, ya daina amsawa. Ƙa'idar da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta bayar ita ce, in ka yi atisaye biyu a jere kana wuce adadin da ka sa wa kanka da ɗagawa ɗaya ko biyu, to ka ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na nauyin. Mai ɗaga kilo 40, sai ya ƙara kilo 1 zuwa 4. In ba ka da ƙarafuna masu lamba, kada ka damu. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Jarka mai cin lita 25, ka fara da lita 10, kana ƙara lita ɗaya-ɗaya. Ga maraƙinka nan a tsakar gida.

Kuma ka sayi ɗan littafi da biro. Ka rubuta rana, da motsin da ka yi, da nauyi, da yawan ɗagawa. Ƙwaƙwalwa na mantuwa, tana kuma yi wa mai ita alfarma. Littafi ne zai gaya maka gaskiya, ko gaba kake yi ko a wuri ɗaya kake tsaye.

(KIƊA)

Masu sauraro, lokacin da kake ɗaga ƙarfe, saƙo kawai kake aika wa jiki. Ginin kansa sai ka kwanta ake yin sa, da barci da abinci. A makonnin farko ma, yawancin ƙarfin da za ka ji ka samu daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake, suna koyon yadda za su tara tsokoki su yi aiki tare. Cikar tsoka sai daga baya take bayyana, don haka kada ka karaya in wata guda ya wuce madubi bai nuna komai ba.

Baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Bincike ya nuna mai atisayen ƙarfi na amfana da sinadarin furotin kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 na bukatar wajen giram 110. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6. Ba sai ka nemi garin gwangwani mai tsada ba: ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifi da nama gwargwadon hali. Da azumi kuma a rage yawan zubi, a mayar da atisaye bayan shan ruwa, burin watan ya zama riƙe abin da aka samu.

(KIƊA)

Ɗan wasa kuwa, lissafinsa ya fi haka zurfi, domin ko bijimi akwai inda girmansa ke tsayawa. Ba wanda zai yi ta ƙara nauyi kowane mako har abada. A shekarun 1960, wani masani a Tarayyar Sobiyet, Matveyev, ya nazarci atisayen 'yan wasan ƙasarsa, ya fito da tsarin raba shekara zango-zango. Zangon shiri, aiki da yawa da matsakaicin nauyi, a kafa tushe. In gasa ta matso, a rage yawa a ƙara nauyi da sauri. Saura mako ɗaya ko biyu a fita fage, a sassauta don gajiya ta bar jiki. Bayan gasa, a huta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da damina matashi na gona yana huɗa da noma, sai kaka ta yi, amfani ya shigo gida, sannan a buga ganga a buɗe fagen kokawa da dambe. Ga gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda 'yan kokawar jihohi 8 ke karawa. A 'yan shekarun nan ƙarshen shekara ake yin ta. Ɗan kokawar da ya san ranar, daga ita zai ƙirgo baya ya tsara watanninsa. Wanda ya ƙure ƙarfinsa tun wata biyu kafin gasa, a gajiye zai shiga fili.

Kowane wasa kuma da irin bukatarsa. Ɗan kokawa na bukatar riƙo da gadon baya da ƙafa mai kafewa. Ɗan dambe, naushinsa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu kafin ya isa hannu, don haka bayan ya tara ƙarfi sai ya koya wa jiki fitar da shi cikin ƙiftawar ido, da tsalle da jifan abu mai nauyi. Ɗan ƙwallo kuwa, tsokar bayan cinya ce ke yawan tsage masa. A 2011 an wallafa wani bincike kan 'yan ƙwallo 942 a ƙasar Danmak. Rabinsu aka sa su wani motsi mai sauƙi: ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali kana riƙe kanka. A cikin waɗanda ba su yi ba, an sami raunin bayan cinya 52. A cikin waɗanda suka yi, 15. Ba kuɗi, ba ƙarfe, kuma kowace ƙungiyar unguwa za ta iya.

(KIƊA)

Iyayenmu da ke saurare, da ku ma ake. A 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, shekarunsu 86 zuwa 96, suka sa su atisayen cinya na mako 8. Tara da suka kammala, ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninka uku. Baba, Inna, wannan ƙarfi shi ne tashi daga sujada ba a kama ku ba, shi ne tsallake dokin ƙofa ba faɗuwa. Ku fara da zama kan kujera da miƙewa sau 8, kuna dafa bango in da bukata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi, mace da namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya ko wani motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. 'Yar'uwa, kada ki ji tsoron jikinki zai koma irin na maza, halittar mace ba ta ba da haka cikin sauƙi. Abin da za ki samu shi ne ƙarfin ƙashi da gadon baya, kuma a ɗakinki ma za ki iya.

Sai gargaɗi. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko mai juna biyu, ya fara ganin likita. Kada a riƙe numfashi ana ɗagawa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa, wannan a tsaya. Samari kuma, don Allah ku nisanci allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka. Suna illata hanta da zuciya, suna kuma rage haihuwa. Tiramol ma ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo yake yi har ɓarna ta yi nisa, ga jaraba ta biyo baya.

Gobe da asuba in ka isa wurin atisaye, kafin ka kai hannu ga ƙarfe, buɗe littafinka ka duba abin da ka ɗaga a makon jiya. In jiki ya karɓa, ƙara masa kaɗan. In bai karɓa ba, ba shi hutunsa, ƙarfen na nan jibi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma da hakan maraƙi ya zama bijimi a kafaɗar Milo.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ƙara mana lafiya da ƙarfin yin abin alheri. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)