Na'urar awon ruwa mai ci da hasken rana

Manoma ƴan uwa, kowa ya san asarar shibkar gaggawa: ruwa ya sauka sau guda, a zuba iri, sai fari ya biyo baya, hatsi ya ƙone. Masana sun ce a jira ruwan da ya kai milimeta 20 cikin kwana 3 kafin a shibka. To, wa zai auna shi cikin daji?

Shi ya sa ake kafa ƙananan na'urori bisa sandar ƙarfe. Wata tana awon ruwan sama, wata damshin ƙasa, wata zafi da iska. Kowace tana aika labarinta ta radiyo zuwa ga wata babba, ita kuma ta miƙa shi ga ma'aikatan yanayi. Da labarin ruwa na ƙasashen Sahel ne cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka buɗe a 1974, take shirya bayanin damana.

Ƙaƙa suke samun wuta, alhali babu waya a daji? Pil tana ƙarewa, kuma ba a iya bin gona-gona ana canza ta. Saboda haka na'urar take ɗiban ƙarfinta daga abin da ke kewaye da ita. A wasu ƙasashe iska ce, ko girgizar inji. Mu nan rana ce arzikinmu. Da tsakar rana, fili mai mita 1 tsawo da fāɗi yana samun wajen wat 1000, allon rana kuwa yana maida kusan kashi 1 cikin 5 wuta. Allo kamar tafin hannu ya ishe ta cika ɗan batirinta don dare.

Asirinta tattali ne. Takan farka ta yi awo, ta aika, ta koma barci. Yawancin lokacinta barci take, kamar mai rumbun da ke ɗiba da tiya har kaka.

Maƙiyinta ƙura. In hazo ya rufe allon, ko kashin tsuntsu, batiri ba ya cika, na'ura ta yi shiru, garinku ya fita daga lissafi.

Don haka ga aikinku:

1. Ku goge allon da tsumma mai laushi, da safe, sau guda a mako.
2. Ku sare reshen da ke yi masa inuwa.
3. Ku kewaye sandar da ƙaya saboda bisashe.
4. Kada a cire batirin don cajin salula.

In kun ga ta lalace, ku shaida wa malamin gona. Allah ya ba mu damana mai albarka.