Gargaɗi Ga Masu Komawa Gidajen Motsa Jiki: Kada Ku Ɗora Daga Inda Kuka Tsaya

Jama'a, a yi hattara. Gidajen motsa jiki da annobar korona ta sa aka garƙame a 2020 sun sake cika. Masu bin koci ta waya daga ɗaki sun koma ɗaga ƙarfe da gudu a kan inji cikin mutane, kamfanoni da ma'aikatu kuma suna shirya wa ma'aikatansu atisaye da gasa. Abin a yaba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na baligai, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Sai dai makonnin farko na komawa su ne mafi haɗari. Mutum yana tuna nauyin da yake ɗagawa a da, jikinsa kuwa ya daɗe da mantawa.

A watan Janairun 2011, 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa suka kwanta asibiti bayan wani atisaye da ya haɗa da tsugunni-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa. Samari ne majiya ƙarfi, kuma hutun 'yan makonni kawai suka yi kafin nan. To ina ga ma'aikacin ofis da ya shekara yana zaune kan kujera?

Abin da ya same su shi ne dagargajewar tsoka. Idan aka tilasta wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta, sai ƙwayoyinta su fashe, su zubar da wani sinadari cikin jini, shi kuma ya je ya toshe matatar ƙoda. Alamar takan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku: cinya ko damtse ya kumbura ya yi tauri, ciwon ya wuce tsamin jiki na yau da kullum, mutum ya kasa hawa bene ko miƙe hannu, fitsari ya ragu kuma ya koma kalar baƙin shayi. Wanda ya ga wannan fitsari ya nufi asibiti a ranar. Kada ya tsaya a kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen, domin irin waɗannan magunguna suna ƙara wa ƙoda wahala, musamman idan jiki ba ruwa. Jinkiri na iya kai mutum ga wankin ƙoda.

Haɗari na biyu zuciya ce. A ranar 10 ga Agustan 2022, ɗan barkwancin Indiya Raju Srivastava ya yanke jiki ya faɗi yana gudu a kan inji a wani gidan motsa jiki a Delhi, ya rasu ranar 21 ga Satumba yana da shekara 58. Hawan jini da toshewar hanyoyin jinin zuciya sukan daɗe a jiki ba su yi ƙara ba, sai ranar da aka matsa musu. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da yake yi, ya sauka nan take. Ko koci yana ihu "Saura biyar! Kar ka ba da ni!", a ƙyale shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu yana da rukunin jini na AS. Mai AS lafiyarsa lau, kuma yana iya motsa jiki kamar kowa, amma matsanancin atisaye ba hutawa, cikin zafi da ƙishirwa, na iya kayar da shi. Wannan ne ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara tilasta gwajin AS ga 'yan wasan babban rukuninta a 2010. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40, ba a wasa da wannan magana.

Don haka a kiyaye waɗannan:

Wanda ya haura 40, ko mai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, ko wanda aka taɓa mutuwar fuju'a a danginsa, ya ga likita kafin ya biya kuɗin rajista.

A fara da abin da bai kai rabin na da ba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ne na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. A rarraba su, kada a tattara su ranar Asabar.

A sha ruwa, a guji tsakar rana. Mai zazzaɓi ya zauna gida, mai azumi ya bari sai an sha ruwa.

A nisanci allurai da ƙwayoyin kumbura ƙwanji da ake sayarwa a ɓoye. Suna lalata hanta da zuciya, suna rage maniyyi.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu da masu gidajen motsa jiki, nauyi yana wuyanku. Kada a jera ɗan shekara 25 da ɗan shekara 55 a ce su yi tsere ɗaya, kuma kada a kunyata wanda ya ce ya gaji. A koya wa ma'aikata danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, a ajiye na'urar farfaɗo da zuciya inda hannu zai kai, a san asibiti mafi kusa. Da danna ƙirji da wannan na'ura aka ceto ɗan ƙwallo Christian Eriksen lokacin da zuciyarsa ta tsaya a fili a Kofanhagen ranar 12 ga Yunin 2021, har ya dawo taka leda.

Ba a ce kowa ya zauna ba, zaman ma cuta ne. A koma, amma a bi a sannu, domin sannu ba ta hana zuwa. Wanda wannan saƙo ya isa gare shi ya isar wa abokin atisayensa da kocinsa tun kafin fita ta gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.