Haƙoran da Suka Ƙaryata Jita-jitar Hitila

 Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga Zuru, garin da ko yaro ya san ana ce masa gidan soja. Da wuya ka shiga unguwa a nan ba ka tarar da gidan da kaka ko kakan kaka ya taɓa sa kaki ba. A cikin tsofaffin akwai waɗanda Turawa suka ɗiba zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mutanenmu suka fi sani da yaƙin Hitila, ko da yake Italiyawa suka fuskanta a Habasha, sannan Japanawa a dazukan Bama, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, yau jikokinsu na ta tura wa juna bidiyo a waya, wai Hitila bai mutu a Balin ba, wai ya sulale ta jirgin ƙarƙashin ruwa zuwa Ajantina, ya tsufa can cikin kwanciyar hankali. Har za ka ji matashi a teburin mai shayi yana faɗar haka da sha'awa, kamar yana ba da labarin wani gwarzo. Wannan sha'awar ce ta dame ni.

Ga abin da ya faru. Ranar 30 ga Afrilu, 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet sun kusa ƙofar fadarsa, Hitila ya kashe kansa a maɓoyarsa ta ƙarƙashin ƙasa, tare da Eva Braun wadda ya aura kwana ɗaya kafin nan. Yaransa suka fito da gawawwakin lambu, suka kwarara musu fetur, suka cinna wuta, kamar yadda ya yi wasiyya. Ƙarya ta farko daga mutanensa ta fito, domin washegari rediyon Jamus ya ce wai ya faɗi ne a fagen daga.

To, jama'a, ku saurari wannan da kyau. Sojojin Sobiyet sun tono ƙonannun gawawwakin cikin 'yan kwanaki. Wuta ta cinye fuska, amma ba ta cinye muƙamuƙi ba. Aka zuba haƙoran a wani ɗan akwati ja, aka damƙa wa wata matashiyar tafinta, Yelena Rzhevskaya, ta riƙa yawo da shi cikin rusasshen birnin ana neman wanda ya san bakin mutumin. Aka samo Käthe Heusermann, mataimakiyar likitan haƙoransa. Hitila mutum ne mai ruɓaɓɓun haƙora, bakinsa cike da gyare-gyaren zinariya da ƙarfe da ba a samun irinsu a bakin kowa. Matar ta bayyana su dalla-dalla, ta kuma shaida cewa nasa ne. Tun watan Mayun 1945 ke nan Stalin, shugaban Sobiyet, ya san gaskiya.

Sai ya danne ta. A watan Yuni babban kwamandansa, Zhukov, ya gaya wa 'yan jarida cewa mai yiwuwa Hitila ya tsere. A taron Potsdam, cikin Yuli, Stalin da kansa ya ce wa Amurkawa ƙila mutumin yana Sifen ko Ajantina. Ita kuwa matar da ta gane haƙoran, ladanta shi ne shekara goma a tsare a hannun Sobiyet. Ashe jita-jitar da yaranmu ke yaɗawa a matsayin asirin da manya suka ɓoye, manyan ne suka shuka ta da hannunsu.

Ba kuma a rasa abin da ya ƙara mata mai ba. Jiragen ƙarƙashin ruwa biyu na Jamus sun miƙa wuya a Mar del Plata ta Ajantina, ɗaya a Yuli, ɗaya a Agusta na 1945. Wasu manyan 'yan Nazi kuma sun tsere Kudancin Amurka da gaske: an kama Eichmann a Ajantina a 1960, Mengele ya mutu a Barazil a 1979. A 2009 wani gwaji ya nuna cewa guntun ƙoƙon kan da ke ajiye a Mosko, wanda ake cewa na Hitila ne, na mace ne, masu jita-jita suka yi ta murna. Sai dai tun farko hujjar tana ga haƙora. A 2017 Rasha ta bar wani likitan Faransa, Philippe Charlier, ya duba su, ya gwada da hotunan asibiti da aka ɗauki kan Hitila a 1944, suka dace.

Mu nan mun san wannan ciwo. Sau nawa aka sanar da mutuwar Shekau, ya sake fitowa a bidiyo? A 2018 sai da marigayi Shugaba Buhari ya tsaya a Polan yana cewa shi ne da kansa, ba wani Jubril na Sudan ba. Duk inda hukuma ta saba rufa-rufa, ranar da ta faɗi gaskiya ma ba mai yarda. Dattawa kuma za su tuna cewa raɗe-raɗin za a miƙa Nijeriya ga Jamus na cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939.

Abin da na ƙi shi ne a mayar da wannan mutum jarumin da ya fi ƙarfin mutuwa. Ya sa an hallaka Yahudawa miliyan 6, ya jefa duniya cikin yaƙin da ya raba 'ya'yan ƙasar Zuru da gonakinsu, ga shi kuma a aƙidarsa baƙar fata ba cikakken mutum ba ne. Da Jamus ta ci yaƙin, da mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu.

Mutanen Zuru, Dabai, Ribah da Wasagu, in akwai lambar yabo ko takardar sallamar soja a akwatin kakanku, ku fito da ita ku nuna wa yara, ku faɗa musu sunan mai ita da inda ya je.