Fanke mai huda: tanda ta yi ƙanwa

A gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, gari ba ya wayewa sai da ƙamshin tuya. Tun da asuba mata ke hura wuta, wannan tana masa a tanda, waccan tana ƙosai, wata kuwa tana fari-masa ta garin alkama. Da ribar wannan ciniki ne iyaye mata da dama suke sayen sabulu da kayan miya da littattafan ƴan lakwal. Saboda haka duk wani sabon kayan aiki da zai shigo cikin wannan sana'a ya cancanci a duba shi da idon basira.

Kayan aikin da ake magana a kai wata ƴar na'ura ce ta gasa fanken Turawa mai kamar zobe, wanda ake kira donat. Asalin hudar daga Amurka take: an ce wani matuƙin jirgin ruwa, Hanson Gregory, shi ya fara huda tsakiyar fanke a 1847, don kada ciki ya zauna ɗanye. A 1920 kuma Adolph Levitt ya ƙera injin yin sa da yawa a birnin New York. Ta gida kuwa, wadda ake samu a kantunan manyan birane, faranti biyu ne na ƙarfe masu gurabe, wutar lantarki tana zafafa su sama da ƙasa. Macen da ta iya tanda ba za ta ga baƙon abu ba.

Ga yadda ake yi. A haɗa garin alkama giram 250, da sukari giram 80, da ɗan gishiri, da ƙaramin cokali biyu na hodar da ke sa ƙulli ya tashi. A fasa ƙwai 2, a zuba madara kimanin rubu'in lita da babban cokali uku na man gujiya, a dama har ya yi kaurin ƙullin masa. Kada a yawaita bugu, domin yana sa fanken ya yi tauri. In na'ura ta yi zafi, a shafa mai, a cika gurabe ba tare da sun tumbatsa ba, a rufe minti 3 zuwa 5.

Amfaninta a fili yake: ba ta shan mai kamar kasko, ba ta cin itace, babu hayaƙin da ke ɓata ido. Amma akwai lissafi biyu da ya kamata uwargida ta yi kafin ta kwance bakin zane. Na farko, wuta. Yawancin ƙauyuka ba su da lantarki, kuma ko a birane an ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Na biyu, gari. Alkama daga waje ake sayo mafi yawanta. Farashinta ya hau bayan karyewar darajar sefa a 1994, ya sake hawa a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukren.

Hatsi kuwa a rumbunanmu yake. Ana iya sa kashi ɗaya na garin hatsi mai laushi cikin kashi huɗu na alkama. In ya wuce haka fanken ba zai tashi sosai ba, domin hatsi ba shi da danƙon da ke riƙe iska a cikin ƙulli.

Wadda take da wuta a gida da masu saye a ƙofar lakwal ko tasha, na'urar tana iya ƙara mata abin masarufi. Wadda ba ta da su, kada ta ci bashi dominta, ta riƙe tandarta da kyau. Da tsohuwar zuma ake magani.