Kafin ka sayar da sa don gashin ƙashi



Saniya ta tunkuri mutum ya karye, ko ɓarin jikinsa ya shanye, sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Saura gashi. Likita zai duba gaɓoɓin, ya tsara motsa jikin da ya dace, mai gashin ƙashi, wanda a Nijar ake kira kine, ya riƙa yi maka. Manyan asibitoci ke da wannan sashe, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano.

To amma ɗan'uwa, kada ka hau mota don kawai kana da katin inshora. Katin NHIA na Najeriya ba ya aiki idan ka tsallaka iyaka. A cikin ƙasar ma, sai asibitin da ka yi rajista ya ba ka takardar turawa.

Buga waya tukuna. Suna karɓar katinka? Zuwa nawa inshorar ke biya? Sanda da keken guragu fa, daga aljihunka ne?

Gashi ba zuwa ɗaya ba ne, lissafa har kuɗin mota da masauki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.