Baƙo da Mai Masauki a Tsibiran Girka: Taƙaitaccen Bayani

Gabatarwa

Ƙasar Girka tana da dubban tsibirai, amma waɗanda mutane ke zaune a cikinsu ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ladubban da mazauna waɗannan tsibirai suke sa ran gani daga wanda ya ziyarce su, da kuma tushen da ladubban suka tsiro daga gare shi.

Kalmar da Asalinta

A Girkanci ana kiran karɓar baƙi filokseniya, watau son baƙo. Kalmar ta haɗu ne daga filos, mai nufin masoyi, da ksenos. Wannan ta biyun tana ɗauke da ma'ana biyu, kamar dai yadda kalmar "baƙo" take a Hausa: wanda ba a san shi ba, da wanda aka sauka a gida. Girkawan dauri sun ɗauka cewa Zus, babban abin bautarsu, shi ne majiɓincin baƙi. A cikin waƙar Odisi ta Homa, sarki Alkinus sai da ya ciyar da Odisiyus ya kwantar da shi, sa'an nan ya tambayi sunansa. Haka kuma waƙar ta nuna mugun ƙarshen da masu neman auren matar Odisiyus suka yi a tsibirin Itaka, bayan sun tare a gidansa suna cinye masa dukiya. Ashe ke nan tun asali hakki biyu ne, na mai gida da na baƙo.

Gaisuwa

A ƙauyukan tsibiri ba a wuce mutum ba gaisuwa. Da safe akan ce kalimera, da yamma kalisfera. Ga aboki ko yaro akan ce ya su, amma ga babba ko wanda ba a saba da shi ba sai a ce ya sas, watau a yi amfani da jam'i don girmamawa, tamkar "ku" ɗinmu. Idan mai gida ya yi maraba, amsar da baƙo zai bayar ma'anarta ita ce "mun same ku lafiya".

Akwai wuraren tuntuɓe guda biyu. Kalmar ne tana nufin "i", kuma ɗaga kai sama tare da ɗan tsaki yana nufin "a'a". Na biyu, buɗe tafin hannu a ware yatsu biyar a nuna wa mutum zagi ne, wanda suke kira muza. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ita ce daƙuwa.

Shiga Gida

Da zarar baƙo ya zauna, uwargida takan kawo masa abin taɓawa a faranti: cokali ɗaya na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, da ruwan sanyi, da gahawa. A tsibirin Kiyos zaƙin yakan zama na ƙaron mastika, wanda tsibirin ya shahara da shi. A Kirit kuwa akan miƙa wata barasa mai suna raki. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi, ya faɗi dalili cikin ladabi ya karɓi gahawa ko ruwa. Abin da ake ƙi shi ne a fita ba a taɓa komai ba. Bai kamata a je hannu rabbana ba, ko da ɗan kayan zaƙi ne. Amma miƙa kuɗi a madadin abincin da aka ci cin fuska ne.

Masanin al'adu Michael Herzfeld, wanda ya yi bincike a Kirit, ya nuna cewa karamcin nan ba kyauta ce zalla ba. Mai masauki yana tabbatar da mutuncinsa ne da ikonsa a gidansa. Saboda haka baƙon da ya dage sai ya biya, ko ya ƙi karɓa, ya hana mai gida matsayin da yake nema.

Daɗin daɗawa, ana tsoron kambun baka. Wanda ya yaba jariri yakan bi da ɗan tofi sau uku, a inda mu za mu ce tubarkalla.

Lokaci da Wuraren Ibada

Dokar 'yan sanda ta 1996 ta ware lokutan shiru. Daga Afrilu zuwa Satumba, an hana hayaniya daga ƙarfe 3:00 zuwa 5:30 na yamma, da kuma daga 11:00 na dare zuwa 7:00 na safe. Ba a kai ziyara a lokacin ƙailula.

Galibin mazauna tsibiran mabiya ɗariƙar Otodoks ne. Mai shiga coci ko gidan sufaye, kamar wanda aka kafa a Fatmos a 1088, dole ne ya rufe kafaɗu da gwiwoyi. A Tinos, ranar 15 ga Agusta, wasu masu ziyara sukan yi rarrafe daga bakin teku har cocin Maryamu don cika alwashi. Irin waɗannan ba abin kallo ba ne, balle a danna musu kyamara.

Bikin ƙauye kuwa, wanda ake kira fanigiri, na kowa ne. A Ikariya abin da aka samu daga sayar da nama da abin sha yakan tafi ga ayyukan gari, don haka baƙo ya saya da hannu sake. In zai shiga layin rawa, ya kama daga baya, kada ya sha gaban mai ja.

Kammalawa

A 2023 masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 30 suka shiga Girka, ƙasar da al'ummarta ba ta kai miliyan 11 ba. A wurare irin su Santorini da Mikonos, baƙo ya koma mai ciniki, karamci kuma ya zama sana'a. Duk da haka, a 2015 masunta da tsofaffin matan Lesbos sun tarbi 'yan gudun hijirar da suka tsallako teku daga Turkiyya, mutanen da ba su da abin biya. Wannan ya nuna cewa al'adar tana da rai, sai dai ba ta ɗorewa da ƙoƙarin ɓangare ɗaya. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Zamansa gajere ne, amma yadda ya zauna shi ke gyara wa na bayansa masauki ko ya ɓata.