Riga Ba Ta Sa Mutum A Gombe

Duk lokacin Salla, samarin Gombe da ke ci-rani a Ikko da Badun da Fatakwal sukan koma gida cikin manyan riguna masu aiki, da agogo, wani ma da mota. Da yawansu neman aure ne ya kai su. To, amma dattijan gari ba riga suke fara dubawa ba. Kafin su ba da 'ya, sai sun aika an binciko musu halin yaro: yana riƙe amana? Yana biyan bashi? Yaya zamansa da iyayensa?

Wannan al'ada tana da tushe. Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma ta hanyar karatu ya kai ga samun tuta a 1804. Ya zauna a Gombe Abba, ya rasu a 1841. Zamanin Turawa aka mai da hedkwata Nafada a 1913, daga nan aka dawo da ita Doma a 1919, watau Gombe ta yau, wadda ta zama babban birnin jiha a 1996. Gari ya canja mazauni, amma ma'aunin mutum bai canja ba.

Fulanin wannan ƙasa suna kiran ma'aunin nan pulaaku. Ginshiƙansa su ne munyal, watau haƙuri, da semteende, watau kunya, da hakkilo, watau hankali. Hausawa kuwa sukan ce wane mutumin kirki ne. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa, ya wallafa nazari a kan wannan kalma a 1974, inda ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da karamci da hikima da adalci. Babu kyan fuska ko tsadar tufafi a ciki.

Abin lura ga mazauna kudu shi ne, labari yana riga mutum isa gida. Direbobi da 'yan kasuwar shanu da fataken goro suna kai-kawo kullum, kuma su ake tambaya. Wanda ya ci amanar maigidansa a Agege ko Sabon Badun, shadda ba za ta rufa masa asiri a Jekadafari ba. Haka nan saurayin da ya bi kyau kaɗai, kyan ɗan maciji na iya ja masa nadama. Hausawa dai sun ce hali zanen dutse ne.